Ɗigo Uku a Bayan Birki

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya tsakanin Magariya da Dungas a shekaru talatin ɗin nan, to ya hau aikin hannun Tamu, ko ya sani ko bai sani ba. Haifaffen Guci ne, ɗan maƙeri, wanda ya ƙi zaman maƙera ya bi wani kamiyo, babbar motar dakon gyaɗa, zuwa Damagaram, ya yi shekara tara yana kwanciya ƙarƙashin tsofaffin Fijo har ya san cikinsu kamar hanyar gonarsu. Da ya dawo sai ya kafa rumfa a bakin tashar Magariya. Gajere ne, ga faɗa, kuma ba ya taɓa mota sai ya saurare ta. Ya kan sa a tayar da ita, ya karkata kai, ya ɗaga wa mai ita hannu ya yi shiru. In mutum ya nace da bayani sai ya ce masa, "Mota ba ta ƙarya, mai ita ne ke yi."

Bai gina bene ba, bai je Makka ba. Abin da ya tara duk tsawon shekarun nan magana ɗaya ce da shoferori, wato direbobi, ke yi a tasha, cewa Tamu bai taɓa ɓata motar kowa ba. In ba zai iya ba ya kan faɗa tun da wuri, in kuwa ya karɓa to an gama. Da wannan suna ya aurar da 'ya'yansa huɗu, da shi kuma yake shiga taro ya zauna inda ya ga dama.

Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama sai ya kwashe kayansa ya koma gida, ya shimfiɗa su ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke tsakar gidan. A daidai lokacin ne kuma sababbin motoci suka fara kwararowa, masu birkin hannu wanda ba a ja, ɗan maɓalli ne kawai ake dannawa da yatsa. Tsofaffin makanikai da yawa suka ce wannan aikin aljanu ne, suka wanke hannu. Tamu kuwa ya je wurin masu tsofaffin ƙarafa ya samo mataccen muƙamuƙin birki na irin motocin, wato ƙarfen nan da ke cije faifan taya, ya baje shi a kan tabarma kwana uku, matarsa Ƙande tana mitar baƙin mai. Nan ya gano cewa a bayansa akwai ɗan inji cikin baƙar roba, mai murɗa sukuru yana tura fistin, ɗan ƙarfen da ke danna takalmin birki a jikin faifan. Tsohon birki, in za ka sa masa sabon takalmi, mamatsi kake ɗaurawa ka danne fistin ya koma da ƙarfin tsiya. Wannan kuwa lallashi yake so. Sai ka zare masa wayarsa, ka jawo waya biyu daga batir ka ba injin wuta a juye, ya janye sukurun da kansa, sannan fistin ya bi ka ko da babban yatsa. Wanda ya ɗaura masa mamatsi ya kashe shi.

Mamatsin Tamu kuwa sananne ne. Shi ya ƙera abinsa tun yana saurayi, ya ɗiga masa walda uku a tafinsa kamar duwatsun murhu don kada ya riƙa zamewa. Duk inda ya kama sai ya bar ɗigo uku. Rabin tsofaffin motocin tashar suna ɗauke da wannan tambari, har shoferori kan nuna shi in suna cinikin mota, shaidar cewa ta bi ta hannun kirki.

Aminin Tamu ɗaya ne, Faruku. Shofer ne, dogo, mai daɗin baki, irin mutanen da ke sa ka dariya ko kana cikin makoki. Iyalinsa suna Dogo-Dogo wurin gona, shi yana kwana a wani ɗaki a gari, don haka shekara ashirin da bakwai ke nan, duk bayan sallar magariba, Ƙande kan miƙo kwano ɗaya zaure su sa hannu tare. Faruku ya san inda Tamu ke son ɓangaren tuwonsa, Tamu ya san Faruku zai ture masa nama ya ce haƙoransa sun tsufa. A 'yan shekarun nan Faruku yana tuƙa wata 'yar kasuwar riɗi, Hajiya Hafsat, macen da ba ta maimaita magana.

Wata Asabar Faruku ya leƙo da hantsi.

"Tamu, ara mini mamatsin nan naka. Ƙyauren ɗakina ne ya buɗe baki, zan ɗan haɗa shi."

"Ɗauka mana, sai ka ce baƙo? Kar dai ka haɗa da yatsanka."

Ranar Lahadi ya dawo da shi, ya rataye a ƙusarsa. Ranar Litinin da safe sai ga shi da motar Hajiya, wata fara mai maɓalli, tana tafe tana jan ƙafar baya.

"Takalman baya ne suka cinye," in ji Faruku. "Ga sababbi nan a kwali. Mu shigar da ita ciki, kar rana ta dake ta."

Tamu ya so ya saurare ta kamar yadda ya saba, amma Faruku ya riga ya kashe, yana ta sauri wai Hajiya ta aike shi. Da wani ne da sai ya tsaya ya amsa tambayoyi goma. Amma wa ke tuhumar wanda suke cin kwano ɗaya? Tamu ya buɗe babbar ƙofa, suka tura ta ƙarƙashin dogon yaro, Faruku ya fice.

Ya tokare tayoyin gaba da duwatsu, ya ɗaga bayan, ya cire tayar dama. Can komai ya tafi daidai. Ya zare waya, ya ba injin wuta, ya ji shi yana janyewa da ɗan kukansa siriri, ya sa sababbin takalma ya mayar. Da ya koma hagu ya haɗa wayoyin nan biyu, sai ya ji wani sauti daban, ƙarar abin da ke juyawa a banza yana tauna kansa. Nan take ya cire hannu. Ya kwance muƙamuƙin, ya juya shi, ya goge bayansa da tsumma. Robar ta tsage daga sama har ƙasa, an shafe tsagar da baƙin mai da ƙasa don kada ta nuna. A tsakiyarta kuma ga ɗigo uku, sun nutse sarai.

Tamu ya daɗe a tsugune. Ya ɗaga kai ya dubi mamatsinsa a jikin ƙusa, ya sake duban robar. Ba sai an yi masa bayani ba. Faruku ya shekara da shekaru yana kallonsa yana danne fistin, ya ɗauka ai shi ma ya iya. Abin bai yi wa Tamu zafi sosai ba a lokacin, don kuskure na kowa ne. Har ya fara shirya irin tsiyar da zai yi masa in sun zauna cin tuwo.

Ba a kai ga tuwon ba. Bayan azahar sai ga sallama, Hajiya Hafsat ce da kanta, da wani ƙanenta, da tsofaffin shoferori biyu da suka biyo su daga tasha don jin ƙwaƙwaf. Faruku yana can baya.

"Malam Tamu, sannu da aiki," in ji Hajiya. "Ni dai Damagaram na ce a kai motar nan tun ranar Asabar, wurin masu na'ura. Faruku ya ce kai ka hana, ka ce ka fi na'urar. To yanzu kuma ya zo mini da wani labari. Me ya samu motata?"

Kafin Tamu ya buɗe baki, ɗaya daga cikin shoferorin ya riga ya ɗauki muƙamuƙin daga tire yana jujjuyawa.

"Kai! Ɗigo uku. Tamu, mamatsi ka sa mata?"

Tamu ya dubi Faruku. Kalma ɗaya yake jira, ko tari ma ya isa. Ya san dalilin komai yanzu: ranar Asabar ake shuka a Dogo-Dogo, Faruku bai so ya ɓata ranar a hanyar Damagaram ba, ya ce bari ya yi da kansa ya wuce gona. Ya san kuma in Hajiya ta ji haka, yau ɗin nan za ta karɓi makullinta, ga shi mutumin ya haura sittin, ba mai sake ɗaukarsa tuƙi. Duk wannan Tamu ya gane, kuma da Faruku ya zo masa da shi tun da safe, wallahi da sun san yadda suka rufe abinsu su biyu.

Faruku ya gyara hularsa, ya girgiza kai kamar mai jin tausayi, ya ce, "Ai sai da na gaya maka, Tamu. Wannan ba irin naku na da ba ne."

Maganar nan ta shiga Tamu har ƙashi. Ba ƙaryar ce ta fi ci masa rai ba, a'a, sanin da ya yi ne cewa an shirya ta. An ari kayansa, an mayar masa a ƙusa, an kawo motar cikin gidansa inda babu shaida, an hana shi saurarenta, duk don a rataya masa abin a wuya. Kuma Faruku ya yi hakan ne domin ya san shi sarai, ya san Tamu ba zai tona asirin wanda ya ci tuwonsa a gaban mutane ba. Da halinsa na kirki aka ɗaure shi.

Ƙande tana bakin madafa, ita da ta ga aron mamatsin da idonta. Ta yunƙura za ta yi magana, Tamu ya ɗaga mata hannu, irin ɗagawar da yake yi wa masu mota.

"Hajiya," ya ce, "mamatsina ne. Ki ba ni kwana huɗu."

Ranar Alhamis ya hau bayan babur da gwiwoyin nan nasa har Maigatari, ya yini yana tonon tarin ƙarafa sai da ya samo ɗan inji da sukuru irin nata. Ranar Juma'a da safe ya wanke komai da fetur, ya shafa mai, ya ɗaura, ya janye sukurun da wayoyinsa biyu, ya sa takalma, ya tattaka birki har ya yi tauri. Da ya danna maɓallin, ɓangarorin biyu suka yi kuka tare suka cije, jar fitilar gargaɗin birki da ke gaban shofer ta mutu. Aiki ne mai kyau, ko a Damagaram iyakar abin da za a yi ke nan. Hajiya ta aiko ƙanenta ya ɗauka, da godiya a taƙaice.

Amma magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, duk tasha an ji cewa tsufa ya kama Tamu, ya matse motar Hajiya Hafsat da mamatsi. Ba wanda ya ce ya gyara, ɓatawar kawai aka riƙe. Masu sababbin motoci suka daina ƙwanƙwasa ƙofarsa. Har wani shofer ya ga ana goge ɗigo ukun nan daga wata tsohuwar mota kafin a kai ta kasuwa.

Faruku ya yi kwana tara bai zo ba. A na goma, bayan magariba, sai ga shi ya yi sallama ya zauna a mazauninsa na kullum, yana murza hannu.

"Tamu, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Kai kana da sana'a a hannunka, ko me aka ce za ka ci abinci. Ni fa in Hajiya ta kore ni, ina za ni?"

"Ƙyauren ɗakin naka ya haɗu?" in ji Tamu.

Faruku ya yi 'yar dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya bari.

Tamu bai kore shi ba, bai kuma ɗaga murya ba, shi da a da ake jin faɗansa daga bakin tasha har kasuwa. Ya leƙa cikin gida ya kira matarsa, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Jim kaɗan Ƙande ta miƙo tuwo, da miyar kuka da nama kamar kullum, ba a rage komai ba. Sai dai a kwano biyu yake.

Ta ajiye ɗaya gaban mijinta, ɗaya gaban baƙon. Faruku ya dubi nasa, ya dubi na Tamu, hannunsa da ya riga ya wanke yana ɗiga ruwa a kan tabarma.

"Bismilla," in ji Tamu, ya jawo nasa kusa da shi. "Ci mana, kar ya huce."