Eksiren Baba da Eksiren Taurarona

Zariya

Ana idar da sallar Asuba na nufi tasha, rungume da kwamfuta kamar jariri. Baba, can gida Illela, ya daɗe yana tari, an ɗauke shi hoton ƙirji, amma ya ƙi komawa wurin likita. Wai ɗansa na karatun eksire a jami'a, shi zai duba. Ni ne ɗan. Ranar da ya tambaye ni karatuna a waya, na ce "hasken eksire na..." sai layi ya yanke kafin in ce "taurari". Shi ke nan na zama likita.

Gusau

Muka tsaya cin shinkafa da wake. Wani mai fataucin albasa da ya matse ni tun Funtuwa ya tambayi aikina, sai na gwada bayanina a kansa. Na ce tauraron ɗan'adam ya hango hasken eksire a wani lungun sama, ni kuma ina neman wanda ke fitar da shi. Na gano taurari biyu ne ke zagaya juna. Ƙaramin, mai nauyin tsiya, yana zuƙe iskar abokinsa, maganaɗisunsa na janyo ta tana zuba masa a ka, tana zafi har ta haska.

Ya suɗe cokali ya ce, "Ai na san shi. Ƙanen matata ne."

Sakkwato zuwa Illela

La'asar sakaliya muka canja mota. Bayan Gwadabawa, a wani shinge, jami'i ya sa na buɗe kwamfutar. Ya ga layin hasken tauraron yana hawa yana sauka, ya ɗauka farashin canjin kuɗi ne, ya rage murya: "Malam, sefa za ta tashi ne?" Na ce Allah ne masani. Ya sallame ni da girmamawa.

Illela

Na tarar da Baba a zaure da abokansa biyu na kasuwa, kowa da tasa ambulan ta hoton eksire. Innalillahi! Na ɗaga hoton Baba ga hasken ƙofa ina gyaɗa kai, ban ma san a juye na riƙe shi ba. Sai ya yi tari, dogo, har ya dafa bango. Nan wasa ya fita daga kaina. Ya rame, na ji tsoro ƙwarai.

"Mi kag gani?" in ji shi.

Na roƙi baƙin su ba mu wuri, na durƙusa.

"Baba, ban iya ba. Eksirena na taurari ne."

"Taurari na tari?"

"A'a."

"To, mi ya kai ka?"

Na sunkuyar da kai. Na dai ce ko a aikina, in na'ura ta ga haske, ba a yanke hukunci sai wanda ya san wurin ya sake dubawa da wani madubin. Gobe mu tafi asibiti a Sakkwato.

Ya daɗe yana kallon ƙofar da abokansa suka fita.

"Ni tahi. Amma in an tambaya, ka ce wani babban abokin aikinka za mu gani."

Na ce to. Da safe muka shiga mota, ya sa ni a gaba, ya ce wa direba ya bi a hankali, likita ya ɗauko. Ban gyara masa ba. Na gode wa Allah da ya shigo motar.