Ranar da Aka Yi wa Ƙaguwata Wanka

Ko tsufa zai kwashe mini sunayen ɗalibaina kaf, ba zai kwashe ranar da aka yi wa ƙaguwata wanka ba.

Lokacin ina ɗan kwantaragi, ina koyar da kimiyyar halittu a wata kolej, wato ƙaramar sakandare, a Zinder ta Damagaram. Sai aka ce anspektar zai zo duba darasina, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a ɗauke ni aiki na dindindin ko a ci gaba da jan raina. Na zaɓi darasi kan wasu tsutsotsi masu faɗi, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, waɗanda ke manne a bayan ƙaguwar rafi. Ba sa cizonta, ba sa kuma tsinana mata komai. Ta ɗauke su yawo, su ci ragowar abincinta. Kowane dangin ƙaguwa na da irin nasa.

To, Damagaram garin duwatsu ne, ƙaguwa ba ta zo mana ziyara. Wani Bakano mai sayar da atamfa ne ya kawo mini ɗaya daga rafin ƙauyensu, yana ta tambaya ko asiri zan haɗa. Na ɗora gilashin ƙara girma, sai ga su nan birjik, suna miƙa 'yan yatsu kamar zanen littafina. Ko su ne ko 'yan uwansu, ban tsananta bincike ba. Na ɓoye bokitin a ɗakin ajiya, ban gaya wa kowa ba, don ina son in ba da mamaki.

Na manta al'adarmu. In anspektar zai zo, har duwatsun tsakar makaranta sai an shafa musu farar ƙasa. Darekta, shugaban makarantar, ya ba da umarni: duk abin da ke da dauɗa a wanke shi.

Da safe na tarar da ƙaguwata tana sheƙi kamar sabon kwano. Tsohon mai gadinmu na tsaye da buroshi, yatsansa ɗaure da tsumma. Shi ma, kamar ɗalibai, Mushe yake kirana, wato Malam a bakin masu Faransanci.

"Mushe, ka ga aikina? Duk ƙazantar nan na kankare. Ta cije ni, amma ban bar ta ba."

"Baba, ƙazantar ce darasin!"

"Ƙazanta kuke koya wa 'ya'yan mutane?"

Yana rufe baki, motar baƙi ta shigo.

A aji na zana tsutsar a allo, na yi bayani da murya mai ƙarfi irin ta marar gaskiya, sannan na miƙa gilashin. Yaran Damagaram ba sa kunyata malaminsu gaban baƙo. Ta farko ta leƙa ta ce, "Na ga uku, Mushe." Na biyu ya ga bakwai. Na bayansa ya rantse ɗaya na ɗaga masa hannu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina gyaɗa kai.

Anspektar ya taso, ya karɓi gilashin, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, ban taɓa ganin ƙaguwa mai tsabtar wannan ba. Nawa kai ka gani?"

Na dubi Darekta a bakin ƙofa yana murmushin mai gida, sai na ce, "Jiya ba su ƙirguwa, ranka ya daɗe. Yau babu ko ɗaya. An yi mata wanka bisa umarnin Mushe Darekta, don girmama zuwanka."

Murmushin Darekta ya bushe a inda yake. Anspektar ya miƙa hannu cikin bokitin. Ya kife ƙaguwar, ya ɗaga ɓawon cikinta da bakin biro, inda buroshi bai kai ba. Sai ga guda ɗaya tal, ta lafe, tana miƙa.

"Ga wadda ta san aikin gwamnati," in ji shi. "Duk sharar da za a yi, tana nan."

Ya sa yaran suka sake layi. Mai bakwai ɗin ya leƙa ya ce, "Au, ashe haka take!"

A rahotonsa ya rubuta cewa malamin ya faɗi gaskiya, ko da yake a makare. Aka ɗauke ni aiki. Darekta ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da hanci.

Abin da na koya bai da yawa. Gaskiyar da na jinkirta ita ta cece ni, ba zanen allo ba. Kuma tun daga ranar, duk abin da na ajiye a makaranta, mai gadi nake fara koya wa darasin kafin ɗalibai.