Makwinja, Baƙon da Ya Tsufa a Ƙauyen Matarsa

Ranar da Makwinja ya auri Esinala, sai ya yi abin da kowane namiji ke yi a yankinsu na Thyolo: ya naɗe tabarmarsa, ya saɓa fartanya, ya tare a ƙauyen matarsa. Ƙasa ta mata ce da danginsu. Miji nasa noma da haihuwa da kame baki, kuma wallahi Makwinja ya iya kame baki. Da kaza ya je gaida dagaci, ya durƙusa aka nuna masa inda zai kafa ɗaki. Masara da rogo ya yi ta shukawa har ya yi furfura, amma ko mangwaro ɗaya bai dasa ba, don surukin da ya dasa itace cewa ake yi yana da manufar mallake ƙasar.

Daga ƙofarsa ana hango gonar shayin kamfani, kore shar har gindin dutse. A inda gonar take ne ƙauyen uwarsa yake a da. Turawa sun zo da igiyar awo tun yana goye, aka tashi kowa.

"Su baƙi, ni baƙo," yakan ce wa matarsa. "Amma mai zuwa ya zauna daban, mai zuwa ya mallake daban. Ni roƙa na yi aka ba ni. Su wa suka gaida?"

"To jarumi, sai ka je ka tambaye su," in ji Esinala. "Ka dai fara cin tuwonka, yana hucewa."

Da ta rasu aka gama zaman makoki, ƙanenta Kapito, wanda shi ne babba a dangi yanzu, ya zo ya zauna yana ta murza hula.

"Yaya, ka riƙe mana ita da amana, ba mu da abin cewa. Mun sallame ka. Jikokin gidan suna son gonar, sai ka koma gida ka huta."

"Wane gida, Kapito? In je in ce wa mai gadin kamfani ya matsa, nan ɗakin uwata yake?"

Kapito ya sunkuyar da kai.

"To ku riƙe gonar, ku riƙe ɗakin. Abu ɗaya nake roƙo: in na mutu ku sa ni kusa da ita."

"Yaya, ka fi ni sanin al'ada. Maƙabartar ta dangi ce."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ni ma mai ba ku labarin har yau yana yi mini. Bai yi musu ba, bai taɓa koyon yi ba. Ya tafi wurin ɗansa, wanda shi ma zaman aure yake a ƙauyen tasa matar, ya zama baƙon baƙo, yana kwana a rumfa. Damina biyu ya yi a can. Da ya cika, mutanen suka yi masa sutura mai kyau, suka binne shi a gefe, inda suke sa matafiya.