Ciyawar da Ta Ci Gonar Malam Sallau

Ban taɓa mantawa da ranar da wata mota ta tsaya a kan iyakar Jibiya ɗauke da ciyawa ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, aikina duba duk wani tsiro da za a shigo da shi daga Nijar. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka buɗe wa manya ido, jiragen ruwa suka cunkushe a Legas, har wasu kaya sai ta Maraɗi suke biyowa.

Maigidana, babban jami'in gona, ya zo da kansa daga Katsina ya yi mini bayani. Wasu manya ne ke son gyara filin wasan gof, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Da can yashi ake zubawa kewaye da ramin a jiƙa da baƙin mai. Yanzu ciyawa suke so, gajera, sumul kamar darduma. An kawo iri uku, ni zan gwada in faɗi wadda ta dace da zafinmu.

Ƙa'ida ita ce baƙon tsiro ba ya shiga cikin ƙasa sai an dasa shi kusa da iyaka an ga ba ya ɗauke da cuta. Muka nemi wuri mai ruwa. Mai unguwa ya sa wani dattijo, Malam Sallau, ya ara mana fadamarsa a hanyar Riko, inda yake noman albasar da yake ciyar da gidansa. Ni na yi masa alkawari da bakina: shekara ɗaya, mu mayar masa.

Ranar dashe Malam Sallau ya ɗauki iri na uku ya juya saiwarsa a hannu.

Ya ce, "Ɗana, wagga ai ciyawar ƙiri-ƙiri ce. Tun ina saurayi nike yaƙi da ita, sai da na yi hurhura na hidda ta daga wurin ga."

Na ce, "Baba, wannan ta Turai ce, gyararriya ce."

Ya ce, "Ko daga Makka ta taho, inda ta shiga ba ta hita."

Na yi dariya. Ina da takardar makaranta, ina ji da kaina.

Kowane mako mukan aske fangali ukun da muka dasa ƙasa-ƙasa, mu gangaro da ƙwallo daga kan katako, mu auna inda ta tsaya. Ciyawa ta farko, ta ƙasashen sanyi, ta fi kyau, ganye siriri kamar gashi, amma da bazara ta kama sai ta ƙone ƙurmus. Ta biyu ta jure rana, sai dai ganyenta fato-fato, ƙwallo na tuntuɓe, in an matsa mata aski kuma ta yi sanƙo. Ta uku kuwa a aske ta, a tattake ta, a hana ta ruwa, kwana kaɗan ta murmure. Na rubuta rahoto na zaɓe ta. Aka kwashi dashenta aka tafi, aka ƙara mini girma, aka mayar da ni Katsina. Na sa aka kafce fadamar, na ɗauka shi ke nan.

Bayan damina biyu aiki ya kawo ni Jibiya, na biya in gaida Malam Sallau. Fadamar ta zama shimfiɗa guda, kore shar, babu albasa ko ɗaya. Ashe kaftun da muka yi gutsuttsura saiwar ya yi, kowane guntu ya tsiro. Na tarar da shi durƙushe yana tono. Kunya ta hana ni yin cikakkiyar sallama.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Na ji an ce ciyawarka ta ci jarrabawa. To, ga shi ta ci gona."

Na rubuta wa ofis har sau uku a taimaka masa, aka ce aikin gwaji ya rufe. Ya rasu yana wa wasu ƙwadago.

Rahotona babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma shi ne abin da ke damuna har yau. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in an ce ku gwada wanne iri ne ba ya mutuwa, ku fara tambaya a gonar wa zai rayu.