Awa Biyu Daga Torino

Goggo Profira, ƙanwar babana, ta yi shekara goma sha huɗu a ƙasar waje, a birnin Torino, tana jinyar wata tsohuwa, Sinyora Delfina. Ita ke mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ta juya ta a kan gado. Duk Lahadi takan kai kwali wurin ƙananan motocin da ke zuwa ƙauyenmu: taliya, man zaitun, man shafawa mai ƙamshi irin nata, da safa mai kauri don mahaifiyarta, Kaka Saveta.

In an ce ta yi nisa da gida sai ta yi tsaki. "Wane nisa? Daga Torino zuwa birninmu Iași awa biyu ne a jirgi. Ku ɗora wake, kafin ya nuna na iso."

"To 'yar jirgi," in ji Kaka a waya, "kina can kina tauna wa uwar wasu abinci. Ni abu ɗaya nake nema. Ranar tafiyata, ke za ki sa mini kyandir a hannu."

A wajenmu ba a barin mutum ya cika sai da kyandir mai ci a hannunsa, don kada ya tafi cikin duhu. Goggo ta yi alkawari, har da dariya.

Da ciwon Kaka ya yi tsanani, ina gida hutun jami'a. Ranar Litinin Goggo ta kira ni.

"Catinca, ke ce mai boko, gaya mini gaskiya. In taho?"

Na ji muryarta a gajiye, na kuma san sai ta samo wadda za ta zauna da Sinyora. Na ce, "Da ɗan sauƙi, Goggo." Jirgin Talata ya tashi babu ita.

Ranar Laraba Kaka ta daina haɗiye ruwa. A lokacin jirgin sau biyu yake zuwa a mako, na gaba sai Asabar. Goggo ta shiga motar kwalaye, ta zauna tsakanin kayan mutane sama da awa talatin. Tana kan hanya Kaka ta cika.

Maƙwabciyarmu, Iya Aglaia, ce ta tare ta a bakin ƙofa. Goggo ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "An kunna mata?"

"An kunna."

"Wa ya riƙe mata?"

"Ni. Uwar nan taki da taurin kai, sau uku tana janye hannu. Sai da na shafa wa hannuna man shafawar nan da kike aiko mata, na yi shiru, ta ɗauka ke ce. Sannan ta damƙe."

Goggo ta daɗe tana kallon hannun Iya Aglaia. Ba ta taɓa tayar mini da maganar wayar nan ba, ni ma ban iya tayar da ita ba. Bayan sadakar kwana tara ta koma Torino, don wadda ta bar wa Sinyora ta ce ba za ta ƙara ko kwana ɗaya ba.