Sai a Ƙofar Tiyata Na Kira Sunan Ɗan Farina

Wata biyar ke nan ban ce uffan ba a wannan dandalin. Wasu sun ɗauka na tuba da gardama. Ban tuba ba, ƙirjina aka tsaga.

Abin ya fara da ɗan nauyi a ƙirji in na tako daga makarantar da nake koyarwa a Kaura zuwa gida. Da yake ni mai karance-karance ne, sai na duba kaina da kaina, na yanke hukuncin olsa ce. Wata uku ina shan maganin olsa, har ina ba wasu shawara.

Wata Juma'a na yi ruku'u na kasa ɗagowa. Gumi ya jiƙa min riga, hannuna na hagu ya yi sanyi kamar na aro.

A Gusau aka manna min wayoyi a ƙirji, aka tura ni Sakkwato. Likitan can ya daɗe yana kallon hoton zuciyata kafin ya ce, "Malam, hanyoyin jini uku na zuciyarka sun toshe. Wanga ba aikin ƙwaya ba ne."

Na sayar da gonata ta Zurmi da motata. Abin da aka samu ya isa aiki da tikitin mutum ɗaya zuwa Alƙahira.

To, a Alƙahira ina da ɗa.

Ɗan farina ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Ana yaye shi wana ya tafi da shi Shinkafi, can ya girma. Wana yake kira Baba, ni kuwa Malam. In zancensa ya kama sai in ce "na Shinkafi". Ya tafi karatu Masar, ya zauna can yana aikin tafinta. Shekara bakwai ban sa shi a ido ba.

Ban gaya masa zan zo ba. Na ce kunya ce, amma gaskiya ban san ta inda ake fara magana da shi ba. Wana ne ya buga masa waya.

A filin jirgi wani mai gemu ya kama jakata. Na riƙe gam, na ɗauka ɗan damfara ne. Sai ya durƙusa.

"Malam, sannu da hanya."

"Yawwa. Ya gari?"

Iyakar hirarmu ke nan har asibiti, kowa na kallon tagarsa.

Kwana huɗu ana gwaji. A ɗebi jini da safe, a zura wata waya ta jijiyar hannu, a sa ni hura bututu. Larabcin littattafan fiƙihu da nake taƙama da shi a Kaura dariya ya riƙa ba ma'aikata. Wata nas ta ce ina neman ruwan sha kamar mai huɗuba. Dole ɗana ya zama bakina da kunnena.

Ranar da babban likita ya zo da takarda, ya yi dogon bayani, sai na ga ɗana ya sunkuyar da kai.

"Mi ya ce?"

"Ya ce za su tsayar da zuciyar, inji ya riƙe aikinta na wasu awoyi."

"Sai mi?"

"Ya ce galibi tana tashi."

"Galibi."

"Haka ya ce, Malam."

Ya sa hannu a gurbin dangi.

Na sha yi wa mutane nasiha a gidan makoki, muryata ba ta ko girgiza. Ranar nan nasihar ba ta yi min rana ba. Na ji tsoron kabari. Na ji tsoron a binne ni inda matata ba za ta taɓa ganin wurin ba. Amma wanda ya fi cina shi ne, in ban farka ba, mutumin nan zai wanke gawar uban da shekara ashirin da tara bai taɓa kiran sunansa ba.

Da safe aka aske min ƙirji, aka sa min rigar nan marar baya, aka tura ni a gado mai taya. Ɗana yana biye. A ƙofar tiyata aka ce ya tsaya. Ya juya zai koma.

"Usman."

Ya dubi nas, ya dubi bayansa, yana neman wanda ya kira shi.

"Na'am, Malam."

Duk karatun da na yi a duniya, ga abin da ya zo bakina: "Ka karya kumallo?"

"A'a."

"To je ka ci wani abu."

Aka rufe ƙofa.

Na farka da bututu a maƙogwaro, hannuwana a ɗaure, wani abu yana ƙara a kaina. Na ɗauka an gama, tambaya nake jira, sai na hango gemun nan ta gilashi.

Kwana uku na yi a ɗakin masu tsananin ciwo. Tari kuwa azaba ne, sai Usman ya danna min matashi a ƙirji kafin in iya. Shi ya riƙe min kwalbar fitsari, shi ya goge min jiki. Kunya ta nemi wurin tsayawa ta rasa. Shi ya koya min tafiya a baranda, yana cewa, "Saura taku biyar, Malam, kada ka yi min wayo."

Alhamdu lillahi, na dawo gida da ƙafata. Na gode wa wana, da matata da ta yi jinyar tsoro ita kaɗai, da ku da kuka yi addu'a ba ku san me ake ciki ba.

Shawarata: nauyin ƙirji in ana tafiya, kada ka raɗa masa suna da kanka, je a duba. In za ka fita waje jinya, tafi da duk takardun gwajinka, kuma ka sanar da naka na can tun kafin ka tashi. Mai ɗan fari kuma, kada ya jira gado mai taya.

Yanzu Usman yana kirana duk Juma'a. Mukan yi minti uku a kan ƙwayoyi da gishirin miya, sai zance ya ƙare. Mu yi shiru, ina jin ƙarar motocin Alƙahira ta wayarsa, kuma ba mai fara kashewa.