Kambun da Ya Tare Mini Jini

Ke mai karanta wannan, idan akwai abin da kika ɗaure a jikinki da sunan magani, ki kwance shi kafin ki shiga asibiti. In ba za ki kwance ba, ki faɗa. Ni ban faɗa ba, saura ƙiris a yi mini sutura.

Wata biyar ban ce uffan a nan ba. Masu murnar sun huta da faɗan Inna Balki, to na dawo.

Jini ne ya ɓalle mini. Al'ada ta zo ta ƙi tafiya. Maigidan yana Kudu da lodin albasa, 'ya'yana mata uku kowace tana ɗakinta. Na rene su a kan cewa mace ba ta tallar ciwonta, yaro kuma ba ya tambayar babba. Sun riƙe karatun da kyau. Babbar, Nafisa, ta zo daga Shagari ta ga leɓena ya yi fari. Ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe.

Na tafi Lambara ni kaɗai wurin wata mai magani. Ta ɗaure mini kambu na fata a damtsen dama, tamau, ta ce kada ido ya gan shi. Ni da nake yi wa matan unguwa faɗa a kan irin wannan.

Wata safiya na faɗi a gindin randa. Maƙwabciyata ta kai ni asibiti, ta koma wurin jaririnta. Likita ya ce ƙari ne a mahaifa, kuma sai an ƙara mini jini yanzu-yanzu.

Jijiyoyina duk sun ɓuya, ɗaya kawai suka samu, a hannun dama. Na hana a naɗe hannun rigata ya wuce gwiwar hannu. Jinin yana bi ta wata na'ura mai ɗumama shi, ledar jinin kuma tana cikin wata jaka da ake hura wa iska don ta matso shi da gudu.

Ya ƙi gudu. Sai ɗigo ɗaya-ɗaya.

Nas ɗin da ke kula da ni ta bi robar da jinin ke bi da yatsa ko ta lanƙwashe. Ta duba makullin robar, a buɗe yake. Ta ƙara wa jakar iska, ta wanke allurar da ruwa, ta canja robar gaba ɗaya. Ina jin sanyi yana hawowa daga ƙafafuna. Babu nawa ko ɗaya a ɗakin.

Nas ɗin ta ce, "Inna, akwai wani abu ga hannun nan?"

Na ce babu. Ina kallon mutuwa, na yi ƙarya.

Wata dattijuwar nas ta zo, ta ga hannun ya kumbura, ta sa almakashi ta tsaga rigar har kafaɗa. Kambun ya nutse cikin nama.

"Haba 'yar'uwa! Muna ta bugun ƙofa, ashe ke ce kika sa sakata."

Ta datse shi. Na ji ɗumi ya haura hannuna zuwa ƙirji. Ledar ta fara motsewa a kan idona.

An yi mini aiki, na yi kwana tara. Lokacin ziyara kowane gado cike da dangi, nawa shiru, don na hana a faɗa wa kowa. Rana ta uku na sa aka kira Nafisa. Ta zauna, ba ta tambaye ni komai ba. Ni na faɗa mata duka.

Ta ce, "Inna, tun rannan na gani. Tsoronki ya hana ni."

Wannan ta fi wuƙar likita zafi.

Na gode wa Allah, na gode wa waɗanda suka ba da jinin da ban san fuskarsu ba, da matar da ta tsaga mini riga ba ta nemi izinina ba.

Mata, jinin da ya wuce kwanakinsa ba na kunya ba ne, na asibiti ne. Nas ta tambaye ki, ki faɗi gaskiya.

Dokar gidana yanzu: wanda ya ga ciwo a jikin wani ya tambaya a ranar, ko ni ce. Wanda aka tambaya kuma ya amsa. Harara ba amsa ba ce.